Ƙailular Shinkafa

Ranar da Rukayya da Hauwa suka zo koyon turaren shinkafa a wurina, ko zama ba su yi ba Rukayya ta kalli duro ukun da ke kan murhu ta ce, "Inna, ai wannan aikin simful ne. A jiƙa, a turara, a shanya, a kai inji, shi ke nan." Hauwa ta ɗora da cewa sati ɗaya ya ishe su. 'Yan unguwarmu ne su biyun, a gabana aka haife su, sun yi boko har sun gama, kuma ba su da rashin kunya, sai dai saurin baki. Ban yi musu faɗa ba, don ni ma da bakina na taɓa faɗin irin wannan. Saboda su, da ku duka masu irin tunaninsu, na ga gara in fayyace abin da ke cikin sana'ar nan.

Sunana Hanne. Na kusa shekara arba'in ina turara shinkafa, goman farko a Bunkure, sauran a nan Kura inda aure ya kawo ni. Manomi zai yanko shinkafarsa, ya buge ta, ya kawo mini ita da ɓawonta, wato shanshera. In aka kai ta inji haka nan ɗanya, da yawanta gutsattsari za ta dawo. Turarawa ce ke ƙarfafa ƙwayar har ta iya jure inji. Amma in kun tambaye ni mene ne aikina, ba zan ce shinkafa ba. Aikina zafi ne: in shigar da shi cikin ƙwaya yadda ya kamata, in kuma fitar da shi yadda ya kamata. Shigarwar na koya cikin shekara biyu. Fitarwar kuwa sai da na kusa rasa sana'ar kafin na gane ta.

Duro na farko da na turara ni kaɗai, a gidan Goggo Tabawa ne, yayar babana, wadda ta riƙe ni ta koya mini aikin. Na zuba shinkafar da ta kwana a jiƙe, na sa ruwa kaɗan, na rufe da buhun algarara, na danna wa murhu itace don in gama da wuri in burge ta. Da muka juye, ta sama ko ɗumin kirki ba ta ji ba, ta ƙasa ta zama ƙanzo baƙi ƙirin. Goggo ta dubi ƙanzon. Ta ɗauko ludayin ƙarfe da muciya, ta jingina kowanne a jikin duron, ta ce in jira. Can ta ce in ɗauko mata su. Muciyar na ɗauka lafiya lau. Ludayin kuwa ina taɓawa na yar har da ihu, alhali mariƙinsa ko kusa da wuta bai je ba. "Kin gani?" in ji ta. "Ƙarfe duk abin da wuta ta ba shi, nan take yake miƙa wa na kusa da shi. Itace kuwa marowaci ne." Wannan ita ce hanyar zafi ta farko, ta taɓa juna. Wuta ta ba gindin duro, gindin duro ya ba ƙwayar da ke kwance a kansa, ita kuma ƙwaya ba ta da saurin miƙa wa ta samanta, sai zafin ya taru a kanta ta ƙone.

Ranar ɗumama ruwan jiƙo, Goggo takan sa ni in tsaya in kalli ƙaiƙayin da ke yawo a cikin ruwan. Sai in ga yana tasowa ta tsakiya, ya bazu, ya gangara ta gefe, ya sake tasowa. Ruwan da ya ji wuta a ƙasa shi ke hawowa da zafinsa, mai sanyi ya sauka ya karɓi nasa. Hanya ta biyu ke nan: a nan ba miƙa zafi ake ba, goya shi ake a kai shi. Tururi ma haka yake, har ya fi, don yana ratsa kowane lungu tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Shi ya sa daga baya muka kai wa wani maƙeri faifan ƙarfe ya huhhuda mana kamar madambaci, muka dasa a cikin duron, ruwa a ƙasa, shinkafa a sama, babu ƙwayar da ke taɓa gindi. Tun daga nan muka rabu da ƙanzo. Tabon da ke wuyan hannuna tururi ne ya yi mini, ranar da na ɗaga buhu ta gefena maimakon ta can gefe. Kada ganinsa fari-fari ya ruɗe ku, ya fi tafasasshen ruwa mugunta.

Hanya ta uku ita ce mai ban mamaki, don ba ta bukatar taɓi, ba ta bukatar ɗan aike. Ku tsaya nesa da murhu, ta gefen da iska ba ta kawo hayaƙi, za ku ji fuskarku tana gasuwa. Ku kare da faifai, nan take ta daina. Iskar da ke tsakani ba ta canza ba, zafin ne ke tahowa kai tsaye yadda haske ke yi. Haka rana ke yi mana daga can inda take, ta ratso duk sararin nan ta sauka a kan shanyarmu. Kuma ba kowa take yi wa daidai ba, baƙin abu shanye ta yake, farin abu ya mayar mata da kayanta. Duk macen da ta taɓa kai abinci gona da baƙin hijabi a bazara ta san wannan ba sai an koya mata ba. Rukayya ta ce mini duk ukun nan suna cikin littafinsu na makaranta, har da sunayensu na Turanci. Na yarda. Ni ma ai na san su ukun sarai a shekarar da na yi ɓarnar da zan ba ku labari.

Akwai wata al'ada a gidan Goggo da na shekara goma ina yi ban san dalilinta ba. Shanyarmu a kan tabarmi take, a daɓen ƙasa, kusa da wani babban mangwaro. Da hantsi mu baza, muna bi muna juyawa da ƙafa. Rana na dab da take tsaka sai Goggo ta ce, "Ku tattara ta, lokacin ƙailularta ya yi." Mu ja tabarmin inuwa, mu tara shinkafar tsibi-tsibi, mu rufe da buhuna, mu je mu yi azahar, mu ci abinci, Goggo ta ɗan runtsa. Sai bayan la'asar a sake bazawa. Ranar ƙarshe kuma ko rana ba ta gani, a inuwa take ƙarasa shan iska. Ni a tunanina don awaki ne da kaji, tunda wurin babu katanga, in mun shiga salla babu mai kora. Batun ƙailula kuwa na ɗauka Goggo ce ke jin barci take laƙaba wa shinkafa. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Mutanen da ba su cika bayani ba, yi kawai suke ka gani.

Da na dawo Kura na kafa nawa murhun a filin bayan gidanmu, kusa da kanal ɗin da ke kawo ruwan noman rani, na ci gaba da tattarawa da azahar don a nan ma awakin maƙwabta ba kunya gare su ba. Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai 'yan kasuwa masu kaiwa birni, su launi suke so, ta fito garau. Akwai masu abincin sayarwa na bakin titin Garun Mallam, su babu ruwansu da launi, ta dai kumbura a tukunya. Akwai kuma ƙaramin manomi mai buhu biyu, wanda zai tsaya a kanki yana lura da kowace ƙwaya da ta faɗi ƙasa, kuma ban ga laifinsa ba, shi ya san sauron da ya cije shi a gona. Aiki ya yi yawa har wurin ya yi mini kaɗan. Sai maigidana ya sa aka yi mini daɓen siminti mai faɗi, aka zagaye shi da katanga, ni kuma na sayo baƙar leda mai kauri ta shimfiɗawa. Ranar da aka gama na tsaya ina kallo na ce, to, ni da awaki mun yi hannun riga. Tattarawar azahar ma ta ƙare, tunda babu sauran wanda za a ɓoye wa.

Aikin farko da ya hau sabon daɓen na Malam Habu ne, mai Islamiyyar unguwarmu, kuma a tsakiyar bazara ya zo, lokacin da ake yankan shinkafar rani. Gidansu gidan karatu ne tun kakanni, amma da noma suke ci. A ƙarshen daminar da ta wuce iska ta yaye rufin babban ajinsa, yara suka koma karatu a gindin darbejiya. Malam ya noma shinkafar nan da niyya ɗaya, ya sayar ya sayi kwano da katako kafin ruwa ya sauka. Buhu ashirin ya samu, ya turo mini su duka. Ya yi sallama a zaure ya ce, "Malama Hanne, ga amana nan. Noman bana ke nan gaba ɗaya. Mai saye yana jira, amma ya ce sai doguwa, marar karaya."

Na ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Da sabon wurin nan, abin da nake yi a kwana uku yanzu yini ɗaya ne."

Buhu biyar na fara da su, kuma har gobe ina cewa ban taɓa turare mai kyau kamarsa ba. Kowace ƙwaya ta buɗe baki daidai, ƙamshi har maƙwabta. Muka baza a kan baƙar leda da siminti, shimfiɗa siririya, tun hantsi har la'asar sakaliya babu tattarawa. Na ɗauki ƙwaya na ciza, ta ce ƙaras. Na ce alhamdulillahi, ta bushe. Da ɗuminta muka ɗura a buhu aka kai injin Ɗanlami.

Ɗanlami mai inji ya daɗe yana casa mini, ya san aikina. Yana tara hannu a bakin injin sai na ga ya kashe. "Yaya Hanne, wannan taki ce kuwa?" Na leƙa. Tsaki ne zalla, irin wanda ake watsa wa kaji, da ƙyar za ka tsinci ƙwaya guda cikakkiya a tafin hannu. Na ce injinsa ne ya matse, ya sassauta. Ya sassauta, ba ta canza ba. Na kwashe sauran zuwa wani injin, can ma haka. Na zargi iri, na zargi ruwan jiƙo, na zargi itace, har na fara tunanin bakin mutane ne ya kama ni saboda sabon daɓe. Daɓen kansa kuwa ko a mafarki ban zarge shi ba. Buhu biyar suka tafi wurin masu tuwo a wulaƙance.

Labari ba ya kwana a Kura. Kafin kwana biyu mutum uku sun aiko an kwashe buhunansu. A rana ta uku Malam Habu ya zo da kansa. Bai ɗaga murya ba, da ma faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malama Hanne, ba zargin ki nake ba, kowa da ƙaddararsa. Amma kin ga gabas, kullum yamma sai ta haɗa hadari. In sha biyar ɗin nan suka bi sahun biyar, yaran nan ba su da wurin zama da damina, sai dai in sallame su. Ki yi haƙuri a ba ni kayana."

Kunya ta rufe ni, amma na daure na ce, "Malam, ka bar mini buhu ɗaya da kwana biyar. In ta karye, ni da kaina zan sa a kai maka sauran duk inda ka ce."

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Ɗaya. Sauran kada a kwance bakinsu."

Washegari da sassafe na shiga babur mai ƙafa uku zuwa Bunkure. Goggo a lokacin ta tsufa tukuf, idonta ya yi rauni, ta daina aiki. Na zuba mata tsakin a hannu, ta murza, ta sa ɗaya a baki. "Turaren ya yi," in ji ta. "A ina kika shanya?" Na shiga ba ta labarin siminti da katanga da leda, har da ɗan alfahari. Ta ce, "Ɗauko mini mayafina."

Rana ta take tsaka muka iso Kura. Ta tsaya a inuwar katanga ta dogara sandarta ta ce, "Cire takalminki, ki shiga tsakiya ki tsaya, ki ƙirga ashirin." Ban kai bakwai ba na fara rawa. Na yi tsalle na haye ledar, ashe ita ta fi, na fito a guje ina yarfe ƙafa. Goggo ta yi dariya har da tari.

"Hanne, ƙafarki da ta shekara talatin da wani abu tana taka ƙaya ba ta jure ba. Ita kuma 'yar ƙwayar nan kika kwantar da ita a kai tun hantsi har la'asar? Ina ƙailularta?"

Na ce, "Goggo, ai na yi katanga, babu awaki."

Ta juyo da fuskarta inda muryata take. "Awaki? Shekara goma kina gidana, ashe awaki kike gadi?"

Sai a ranar ta yi mini bayanin da ba ta taɓa yi ba, ni ma na haɗa da abin da na riga na sani. Rana tana dukan shinkafar ta sama. Baƙar leda da siminti sun shanye rana sun ƙoshi, suna gasa ta ta ƙasa yadda gindin duro ke yi. Iska mai zafi tana wucewa tana kwashe laimar bayanta. Hanyoyin nan uku duk sun taru a kan ƙwaya ɗaya. Bayanta ya bushe ya tsuke cikin gaggawa, cikinta kuwa da sauran danshi, a kumbure yake, don ruwan ciki a hankali yake fitowa, ba a yi masa dole. Sai ƙwayar ta tsage a cikin ɓawonta, inda ido ba ya gani. Goggo ta sa na tsinto wata da ta rage a gefen daɓe, na ɓare da farce na ɗaga ta saitin haske, ga layin tsaga nan guda biyu a gicciye. Ashe inji bai karya mini shinkafa ba, a karye na kai masa. In kuwa an tara ta a inuwa an rufe, zafin yana bazuwa daidai cikin tsibin, danshin ciki ya samu sukunin tahowa waje, ciki da baya su daidaita kafin a sake nuna mata rana.

Buhun nan guda ɗaya na yi masa hidimar da ko ɗan farina ban yi wa ba. Na naɗe ledar na jefa a ɗaki. Na dawo da tabarmina na shimfiɗa a kan simintin don su raba ƙwaya da zafinsa, tabarma ai 'yar'uwar muciya ce wajen rowa. Na yi shimfiɗar da kauri, muna juyawa a kai a kai. Maigidana ya kafa mini rumfar zana a gefe guda. Goggo na zaune a ƙarƙashinta, ba ta ganin rana amma tana jin ta a fatarta, lokaci na yi sai ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ƙailula!" mu tattara. Ranar ƙarshe a inuwa ta wuni, sai da na tura hannu har gwiwar hannu cikin tsibin na ji sanyi ƙalau sannan muka ɗura.

Malam Habu da kansa ya zo injin, ya tsaya a gefe ƙurar ɓuntu na sauka a kan babbar rigarsa. Ɗanlami ya tayar. Ni dai na kasa kallo, ƙasa na zuba wa ido. Sai na ji injin bai tsaya ba. Na ɗago na ga Ɗanlami ya cika tafinsa ya juye a na Malam. Malam ya baza ta da yatsa, dogaye, garau, sai ɗai-ɗai mai karaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Masha Allah. Malama Hanne, a kwance bakin sauran." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Da Ɗanlami ya tambaya na ce ƙurar inji ce.

Sha huɗun da suka rage mun yi su muna kallon gabas. Sau biyu hadari ya taso muka kwashe a guje, ya watse bai zubar ba. Zuciyata ta yi ta raya mini in tsallake ƙailula ko ta yini ɗaya don mu yi sauri, sandar Goggo ta hana. Mai saye ya ɗauke su duka bai rage ko tiya ba. Abin da aka samu bai kai yadda Malam ya so ba, saboda biyar ɗin da na lalata, don haka ajin ya samu kwano amma bai samu silin ba. Sai na tara matan unguwa muka kai zana da tabarmi aka ɗaure a ƙarƙashin kwanon, don na riga na san abin da ƙarfe ke yi wa na ƙarƙashinsa da tsakar rana. Kwana biyu da buga ƙusa ta ƙarshe ruwan farko ya sauka.

Waɗanda suka kwashe buhunansu sun dawo ɗaya bayan ɗaya, ban tuna wa kowa ba. Goggo ta koma Bunkure, ba ta ga wata bazarar ba, Allah Ya jiƙanta. Sandarta da ta bar mini tana nan jingine a rumfa, da ita nake bugawa. Yanzu a manyan wurare an samu injuna masu busarwa da iska mai zafi, kuma ina murna da su. Wani da ke aiki a can ya ce mini su ma sai sun tsayar sun bar shinkafa ta huta a tsakani, na ce ashe har inji ya san ƙailula. Sana'ar nan tana da gaba. Ruwan kanal yana zuwa, mutane sun koma cin ta gida, kuma ku da kuka yi karatu za ku kai ta inda ban kai ba. Abu ɗaya nake roƙon ku, in kun tarar ana yin wani abu, ku tambayi dalilinsa kafin ku yar da shi.

Jiya, rana na dab da take tsaka, shanya na baje a kan tabarmi, na sa Rukayya da Hauwa suka cire takalma suka tsaya a inda simintin yake tsirara. Hauwa ta kai tara. Rukayya mai simful ko biyar ba ta kai ba. Muna zaune a rumfa suna jiƙa ƙafa a bokiti na ba su labarin nan. Da na gama Rukayya ta ce, "Inna, wane aji ke nan? Ba dai babban nan mai silin ɗin tabarma ba?" Na ce shi ne.

Ta ce, "A ciki fa muka yi sauka, ni da Hauwa. Kullum muna mamakin yadda ya fi sauran sanyi."

Na ce, "To, yau kun san wadda ta rufa muku shi."

Ta miƙe tana ɗingishi, ta ɗauko sandar Goggo, ta dubi inuwar katanga ta ce, "Inna, lokaci bai yi ba?" Ya yi, har yana neman gotawa. Na ce ta buga.